Bakaniken da Ya Gyara Hannun Direba

Ƙarfe shida da rabi na safe ba ta taɓa riskar Mai Alli a gida ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin maigadi ya gama kurkure baki zai ji tarin tsohon babur ɗin nan a bakin yadin kamfani, ya taso ya buɗe ƙofa yana mita. Mai Alli ba ya fara shiga shago. Sai ya jingine babur ya bi motocin haƙa ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa ƙarƙashinsu kamar mai neman kazar da ta ɓata. In ya ga ɗigon mai a ƙasa ya durƙusa ya dangwala da yatsa, ya murza, ya shinshina, sannan ya zaro alli daga bayan kunne ya zagaye wurin. Direban da ya zo ya tarar da da'ira a ƙarƙashin motarsa ya san yau ba zai taɓa makulli ba sai Baba ya gama da ita.

Allin nan shi ya cinye masa suna. Akwai a bayan kunne, akwai a aljihun riga, akwai a cikin hula. Matarsa ta ce duk ranar wanki ruwan baho fari fat yake komawa. "Ni dai bakanike aka ce mini na aura," in ji ta, "ashe malamin makaranta aka ƙaƙaba mini."

Makon jiya ya ajiye aiki. Ba a buga shi a jarida ba, ba a ba shi lambar yabo ba, shi ya sa mu abokan aikinsa muka ce wallahi ba zai tafi haka salin-alin ba sai mun faɗi abin da idonmu ya gani.

Wanda bai taɓa zama a kujerar motar haƙa ba yana zaton sitiyari gare ta. Babu. Sanduna biyu ne a gaban direba, kusa da juna, ɗaya ta sarƙar hagu, ɗaya ta sarƙar dama, don a kan sarƙa take tafiya, ba taya ba. A cikin motar kuma famfo biyu ne ke tura mai da ƙarfi ta cikin tiyo, kowanne yana juya tasa sarƙar. In man ya tafi daidai, mota ta miƙe. In ɓangare ɗaya ya yi rauni ko da kaɗan ne, sarƙarsa ta ja baya, sai ka ga ƙatuwar mota tana lallaɓawa wajen raunin. Duk sabon direba sai Mai Alli ya zaunar da shi a kan benci ya zana masa wannan a ƙasa.

"To in kana tafiya ka ɗaga hannun motar fa?" yakan tambaya. "Hannun ma mai yake sha. Da zai ɗiba daga famfo ɗaya, da ƙafar wannan ɓangaren ta rasa, ka tsinci kanka a rami. Shi ya sa aka sa wani ɗan bawul mai raba gardama. Da ka taɓa hannu kana tafe, sai ya ce wa famfon farko, kai riƙe ƙafafun nan duka biyu, ya ce wa na biyu, kai kuma ji da hannu. Ka gane ko in sake?"

Gwajinsa kuwa ba ya sauyawa. Zai ja layi mita ashirin a kan simintin yadi, ya ɗora sarƙa a kai, a tura sandunan biyu har ƙarshe a bar mota ta faɗi gaskiyarta. In ta kauce fiye da faɗin tafin hannu biyu, ko manaja ya zo da kansa yana huci ba za ta fita ƙofa ba. An sha faɗa da shi a kan haka, bai taɓa sassautawa ba. Aƙalla haka muka ɗauka, shi ma haka ya ɗauka, har shekara uku da suka wuce.

A lokacin ne kamfani ya sayo sabuwar mota, kujerarta ma da leda. Ba a yi dogon shawara ba aka ba Shiru. Shiru direba ne da ya haura hamsin, mai 'ya'ya biyar, wanda in ka gaishe shi ya ce "lafiya", to an gama hirar ranar. Shekara bakwai yana kan wata tsohuwar mota da ake kira Gwaggo, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kawo ƙararta ba. Mai Alli har alfahari yake da su. Yakan tsaya daga nesa ya nuna wa samarin direbobi: "Ku dubi Gwaggo, ku dubi tafiya! Ku kuwa kullum kuna bakin shagona da ƙorafi."

Kwana uku da hawa sabuwar mota, Shiru ya goge ginshiƙin ƙofar yadi da sarƙar dama. Aka yi dariya, aka ce ango ne, rawar kai ce. A mako na biyu dariya ta ƙare. Ana shimfiɗa bututun ruwa, Shiru ya rataye wani bututun siminti a hannun mota yana bin gefen rami, ramin yana damansa, lebura biyu suna ciki. Mota ta dinga matsawa dama a hankali har sarƙa ta taka gaɓa, gaɓa ta zube. Ɗaya ya tsallake, ɗayan kuwa ƙasa ta binne shi har ƙugu. Da hannu aka tono shi. Allah ya taƙaita, ba karaya, sai firgita da kukan mutane.

Injiniyar da ke riƙe da aikin mace ce mai kaifi, ba ta wasa da ran ma'aikaci, kuma ba wanda zai ga laifinta. Nan take ta karɓi makulli daga hannun Shiru ta miƙa wa Mai Alli.

"Baba, duba mini motar nan. In ita ce, mu mayar musu da kayarsu. In ba ita ba ce, ka san sauran."

Ya san sauran. Takardar sallama ce, kuma a wannan sana'a direban da aka kora don ya kusa binne mutum ba ya sake riƙe makulli a ko'ina. Labari yana riga shi isa kowace ƙofa.

Mai Alli bai taɓa duba mota yana roƙon Allah ya sa ya sami cuta ba sai ranar. Ya ja layi, ta bi shi ɗoɗar. Ya ɗaga hannunta yana tafe, ba ta ko girgiza ba. Ya dafa ƙasa da bokitin motar ya ɗage sarƙar hagu sama, ya shafa wa ƙarfe ɗaya alli, ya ƙirga juyi uku da agogo, ya koma dama ya yi haka, lokaci ya zo ɗaya. Ya kwance ɗan bawul ɗin nan mai raba gardama, ya tarar da shi tsaf, yana sheƙi. Ya daɗe zaune a kan sarƙa yana goge hannun da ya riga ya goge, sannan ya tashi ya shiga ofis.

"Injiniya, lafiyarta ƙalau."

"To, ranar Asabar zan ba shi takardarsa," ta ce. Ita ma ba daɗi ta ji ba.

Mutane kuwa, Allah ya shirye mu. Waɗanda jiya suke roƙon Shiru ya koya musu aiki su ne suka fara cewa dama sun lura idonsa ya yi rauni. Aka tura shi asibiti, likita ya ce idon nan ya fi na wasu samari. Sai magana ta juya, aka ce ai shirun nan ba banza ba, wata ƙwaya yake haɗiya. Mutumin da ko shayi mai kauri ba ya sha! Shi dai ya ɗauki jakarsa ya tafi gida.

Ranar Laraba da yamma Mai Alli ya dawo ya tarar matarsa ta haɗe rai. Ta ajiye masa ruwa ta zauna a gabansa.

"Malam, matar Shiru ta zo. Da ƙyar na lallashe ta."

"Me ya faru kuma?"

"Ta ce ya ja layi da gawayi a tsakar gida. Tun safe yake binsa da ƙafa, ya je ya dawo, yana tambayar yara ko ya karkace. Babban mutum, a gaban 'ya'yansa! Ya soma yarda kansa ne ya taɓu."

Mai Alli ya dube ta. "To ni ya zan yi? Na duba mota, lafiya. Likita ya duba ido, lafiya."

"Ni ban san ƙarfe ba," in ji ta, "amma shekara bakwai mutum yana tuƙi kana yabonsa har ka ishe ni, daga sauya masa mota sai ya lalace a kwana uku? Haba, Malam."

Kofin ruwan bai kai bakinsa ba. Ya ajiye shi, ya zuba mata ido har ta tambaye shi ko lafiya.

Washegari bai bi ta kan ɗigon man kowa ba. Kai tsaye ya wuce bayan yadi, inda aka jingine Gwaggo cikin ciyawa ana jiran masu sayen tsohon ƙarfe su zo su yanka ta. Ya kori rina daga ƙofa, ya hau, ya yaye robar da ke rufe gindin sandunan tuƙi. Kowace sanda tana da ɗan ƙarfen da take bugawa in an tura ta har ƙarshe. Na hagu ya goge, ya lotsa, yana ƙyalli. Na dama kuwa fentinsa yana nan, har da ƙura a kai. Shekara bakwai sandar dama ba ta taɓa kaiwa ƙarshe ba.

Nan ya zauna a kujerar Shiru, gumi yana keto masa da sanyin safiya. Ya tuna ranar da aka kawo Gwaggo, ta hannu ce, ana ruwan sama, aiki ya tsaya ana jiranta, manajan lokacin yana ta daka masa tsawa. Ya ce a tafi da ita, gobe zai ja mata layi. Goben ba ta zo ba. Da ya ga tana tafiya ɗoɗar kuma ba a kawo ƙara ba, sai ya manta.

Bari mu faɗi gaskiya, tunda jinjina ba ƙarya ba ce: ya ji tsoro. Ba mahaluƙin da ya san wannan sai shi. Mako mai zuwa za a yanka motar, shaida ta tafi. Saura masa shekara uku ya ajiye aiki da suna fes, mutumin da ya yi ta cika baki cewa ba motar da ta taɓa fita ƙofarsa ba layi. Ya mayar da robar ya rufe. Ya sauko, ya yi taku kamar goma, sai layin gawayin nan ya faɗo masa a rai. Ya juya ya nufi ofis.

Kafin ƙarfe goma ya aro batir, ya zuba mai, Gwaggo ta yi tari ta tashi. Ya sa aka kira Shiru daga gida, ya tara direbobi, ya roƙi Injiniya ta riƙe tef ɗin awo da hannunta. Ya ja layi, ya hau da kansa, ya bar ƙofa a buɗe don kowa ya ga ya danna sandunan biyu har ƙarshe. Gwaggo ta tashi, ta soma bin hagu, ta ci gaba da bin hagu, kafin ta kai mita ashirin ta bar layi da kusan mita biyu. Wani direba ya yi salati.

"Shiru, hau," in ji Mai Alli. "Injiniya, kar ki dubi sarƙa, hannunsa za ki duba."

Shiru ya hau. Gwaggon da ta gama yawo yanzu ta ɗora sarƙa a kan alli ba ta sauka ba har ƙarshe. Injiniya tana tafe a gefe tana kallo: hannun hagu ya danne, na dama ya tsaya baya da kamar yatsa biyu, bai gaba bai baya.

"Tun yaushe take jan hagu?" Mai Alli ya tambaye shi.

"Tun ranar farko, Baba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Shiru ya sunkuyar da kai. "Na ga aiki ya yi maka yawa. Kuma na iya da ita. Daga baya ma na manta tana yi."

Mai Alli ya cire hula, alli biyu suka faɗo ƙasa, ba wanda ya yi dariya. "Injiniya, kin gani. Famfon hagu na motar nan ya gaji tun kafin a kawo ta. Bawan Allahn nan ya rage hannun dama don ya daidaita ta, har hannun ya saba, ya zame masa jiki. Da aka ba shi mota mai lafiya, hannun ya ci gaba da gyaran abin da babu, sai ta bi dama. Ni ne ban ja wa Gwaggo layi ba ranar da ta zo. In akwai takardar da za a rubuta, sunana za a sa."

Injiniya ta naɗe tef ɗinta a hankali. "Na ji, Baba, kuma na gode da ba ka ɓoye ba. Amma hannun da ya zubar da gaɓa har yanzu yana jikinsa. Ba zan sa 'ya'yan mutane a ƙarƙashinsa ba."

"Ki ba ni mako biyu."

"Ka taɓa gyara hannun mutum?"

"Ban taɓa ba. Amma ni na ɓata wannan."

Ta ba shi. Kowace safiya kafin a fara aiki, su biyu a yadi da sabuwar mota. Da farko ya gicciya guntun katako a kan sandunan biyu ya ɗaure da tsohuwar robar taya, ta yadda in ɗaya ta tafi dole ɗayar ta bi. Shiru ya ce kafaɗarsa tana ciwo, kuma yana rantsuwa motar hagu take bi, alhali tana kan alli. A kwana na biyar aka cire katako aka sa igiya. A na tara Mai Alli ya shiga gwangwanin ɗinkin matarsa ya sato zare, ya ɗaure kawunan sandunan da shi tamau. Da hannun dama ya ja baya, zare ya tsinke. Ran farko sau goma sha ɗaya ya tsinke, ana jin muryar Baba har bakin titi: "Dama! Tura dama, Shiru, ba Gwaggo ba ce!" Matarsa kuwa ta aiko a gaya masa, allin da yake ɓata mata wanki ya isa, ya bar mata zarenta.

Ranar gwaji aka haƙa rami a bayan yadi, aka ja layi a gefensa, ramin a dama kamar wancan. Aka rataye bututun siminti, aka ɗaure sandunan da zare. Kafin a ankara Mai Alli ya dira cikin ramin ya harɗe hannu, wai a nan zai tsaya.

"Baba, fito mini daga nan!" Injiniya ta daka masa tsawa. "Ban ce a yi mini jarumta ba."

Ya fito yana gunaguni. Ta cire hular kwanonta ta ajiye a bakin gaɓa, inda sarƙa za ta murƙushe ta in an kauce. Shiru ya kunna mota, ya yi bisimilla, ya tura. Sarƙa ta soma ƙara a kan ƙasa. Mita biyar, goma, bututu yana lilo kaɗan, sarƙa ta wuce hular ba ta taɓa ta ba. Da ya kai ƙarshe ya tsaya, Mai Alli ya riga kowa hawa, ya leƙa, ya juyo yana ɗaga hannu. Zaren yana nan.

Injiniya ta ɗauki hularta ta kaɗe. "Gobe ƙarfe bakwai, wajen bututu," ta ce wa Shiru. "Kar ka makara." Daga ranar ta kafa doka, da shawarar Mai Alli, cewa duk wata uku kowace mota sai ta hau layi, kuma ba direbanta ne zai tuƙa ta ba.

Baba Mai Alli, kai ne ka rufe robar nan sannan ka koma ka buɗe ta a gaban kowa. Tiyo nawa ka sauya, famfo nawa ka farke, ba wanda ya ƙirga, kuma akwai masu yin wannan da yawa. Amma ka tsaya a tsakiyar yadi da furfurarka ka ce "ni ne", don wani ya koma gida ya goge layin gawayi daga tsakar gidansa, wannan ba kowa ke iyawa ba. Kai ne ka koya mana cewa ma'aikacin da ba ya ƙorafi shi ya fi bukatar a leƙa abin da yake ɗauke da shi.

Ranar da ya ajiye aiki ya zo da farar riga sabuwa dal, matarsa a gefe tana gargaɗinsa kada ya kuskura ya taɓa komai. Aka jera kujeru a gaban shago, Injiniya ta yi magana, direbobi suka yi, har leburan da aka tono ya tashi ya yi addu'a. Ana shirin watsewa sai ga Shiru ya miƙe. Kowa ya juyo, don ba a taɓa ganin haka ba. Makullin motarsa yana hannunsa, da ɗan zaren nan a naɗe a jiki, ya yi baƙi da giris.

"Baba," ya ce, "ƙara na kawo. Tun jiya da la'asar tana ɗan jan hagu. Kaɗan ne, zan iya da ita. Amma na ce gara in faɗa."

Mai Alli ya dube shi, idonsa ya ciko. Sannan ya kai hannu bayan kunne.

"Malam, rigar!" in ji matarsa.

Ina, ya riga ya durƙusa a kan siminti yana jan layi.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara lafiya, ya ba Mama haƙurin wanki. Ku kuma da kuke da mutane a ƙarƙashinku, ko a gareji, ko a ofis, ko a cikin gida, akwai wani Shiru a wurinku da yake ta daidaita wata karkata da hannunsa ba ku sani ba. Kada ku jira gaɓa ta zube. Gobe da safe ku je ku same shi, ku tambaye shi tun yaushe take jan hagu.